Yaro bai buɗe baki ba, ba ya waiwayo: tambayoyi da amsoshi kan otizim da inda za a nemi taimako

Uwa ce kan fara lura. Yaro ya kai shekara 2, sa'anninsa suna "Mama, ruwa", shi kuwa shiru. A kira shi ba ya juyowa. Yara na wasa a tsakar gida, shi yana gefe yana jera murafen kwalba. Sau da yawa takan riƙe abin a ranta wata da watanni, don duk wanda ta faɗa wa sai ya ce ta cika zaƙewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin iyaye da kakanni a irin wannan hali. Amsoshin ba sa maye gurbin likita, amma za su rage muku yawon banza, su kuma nuna abin da za ku iya farawa yau, tun kafin kowa ya sa wa larurar suna.

Mene ne otizim ɗin, kuma me ya haɗa shi da rashin magana?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun farkon rayuwarsa. A rediyo za ku ji ana ce masa galahanga, sai dai wannan sunan ana liƙa shi ga larurori iri-iri, don haka in kun je asibiti ku ce otizim kuke zargi, a san inda kuka dosa. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi dalla-dalla a 1943 bayan ya nazarci yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma an fi gano shi a maza.

Alamominsa gida biyu ne. Akwai wahalar cuɗanya da sadarwa, akwai kuma maimaita abu ɗaya, nacewa kan tsari ɗaya, da jin ƙara ko taɓi ko ɗanɗano fiye da kima ko ƙasa da kima. Iyaye sun fi kuka da rashin magana, amma kafin magana akwai abin da ke riga ta zuwa. Ku dubi ɗan wata 15 da ya ga akuya ta shigo gida: zai nuna ta da yatsa, ya juyo ya kalli fuskar uwarsa, ya sake kallon akuyar. Bai furta komai ba, amma ya ce "kin gani?" A kan wannan ake gina magana. Yaro mai otizim kuwa yakan kama hannunki ya ja ki har bakin randa, ya ɗora hannun a kan moɗa, bai ko ɗaga kai ya dube ki ba. Ya sami ruwansa, amma ke ba ki shiga cikin lissafin ba. Taimakon sadarwa nan yake sa hannu: yaro ya gano cewa mutane ana yin abu tare da su, kuma kallonsa, nuninsa da muryarsa suna sa abu ya faru.

Yaushe ya kamata hankalinmu ya tashi?

Idan ya shekara ba ya gwaranci, ba ya miƙa hannu a ɗauke shi, ba ya juyowa in an kira shi. Idan ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya. Idan ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Idan ya cika shekara 2 bai haɗa kalmomi biyu na ƙashin kansa ba. Ku kuma lura da wasansa: yana ba 'yar tsana abinci, yana kara takalmi a kunne a matsayin waya, ko kuwa tayar mota kawai yake juyawa na tsawon lokaci?

Wanda ba ya son jinkiri ko kaɗan shi ne komawa baya. Yaro yana cewa "Baba", yana tafi, yana bai-bai, sai abin ya ɗauke. Wannan ya fi faruwa tsakanin wata 15 da 24, daidai lokacin yaye a yawancin gidajenmu, shi ya sa ake cewa fushin yaye ne, ko ya sha ciki. Yaye kan sa yaro ƙyuya na kwanaki, amma ba ya ƙwace masa kalmomin da ya riga ya iya. In kun ga haka, a kai shi asibiti cikin makon.

Surukata ta ce babansa ma sai da ya shekara 4 ya yi magana. In jira?

A'a. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, domin akwai yaran da nauyin baki kawai gare su, daga baya su kamo sa'anninsu. Amma irin waɗannan yaran suna gane abin da aka ce musu, ana aikensu su ɗauko takalmi, suna nuni, suna kwaikwayo, suna neman a kula su. In waɗannan ma babu, ba nauyin baki ba ne kaɗai. Kuma in aka duba yaro aka ga lafiya lau, kuɗin mota da na kati kawai kuka yi asara. In aka jira har shekara 5 aka ga ashe akwai larura, an bar shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar koyo sun wuce. Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa gwajin kunne za ki kai shi. Gaskiya ce, kuma ba wanda zai hana.

A tarbiyyarmu yaro ba ya kallon babba ido cikin ido. Ta yaya za mu bambance?

Sunkuyar da kai gaban manya abu ne da yaro ke koya bayan ya fara wayo, kuma gaban wasu mutane yake yi. Ɗan shekara 1 ko 2 bai san wannan kunyar ba. Ki dube shi lokacin shan nono, lokacin wanka, lokacin da yayarsa ke masa cakulkuli. Yana neman fuskarku? In ya ji daɗi yana juyowa ya yi muku dariya, ko dariyarsa tasa ce shi kaɗai?

Akwai kuma batun ɗan fari. Uwar da ke alkunya ba ta kiran sunansa, a gida kuma kowa da laƙabin da yake kiransa. In za ku gwada ko yana amsawa, ku yi da sunan da ya fi ji kullum, daga bayansa, lokacin da ba ya cikin kallon waya. Ki kuma faɗa wa likita sunan da ake kiransa da shi, kada ya yi ta kiran sunan yanka da ke kan kati ya rubuta cewa yaro ba ya amsawa.

To ina za mu fara zuwa?

Wurin likitan yara. In asibitin da ke kusa babu, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. A Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da na Jos, ga kuma Asibitin Ƙasa a Abuja. Ku tambayi ranar da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yara ke zama, don ba kullum ba ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri su ma suna ganin yara. Iyaye da yawa na gudun waɗannan don kada a ce an kai ɗansu gidan mahaukata, alhali likitocin da suka fi sanin otizim sau da yawa can suke. A Nijar kuwa manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maraɗi ne mafari, kuma mai koyar da magana can ortofonis ake ce masa.

Gwajin farko na kunne ne, ko da kun rantse yana ji. Yaro na iya jin ƙarar babur amma sautin magana ya kuɓuce masa. A yankinmu sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai fitar da mugunya duk suna taɓa ji. Manyan asibitocin koyarwa na da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Akwai gwajin da ake yi yaro na barci, ba sai ya ba da haɗin kai ba.

Ku sani babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Likita tarihi yake ɗauka, ya kuma kalli yadda yaro ke wasa da mu'amala. Ga 'yan wata 16 zuwa 30 akwai wata takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R da iyaye ke amsawa. Tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai, ba ta yanke hukunci.

Me za mu tafi da shi ranar ganin likita?

Katin rigakafi, da duk takardun asibitin da ya taɓa kwanciya. Ki rubuta kalmomin da yake faɗa, da waɗanda ya daina, da lokacin da ya zauna da lokacin da ya yi tafiya. Mafi amfani shi ne gajerun bidiyo na minti 1 ko 2 a waya: ana kiransa, yana wasa shi kaɗai, yana cikin yara, yana cin abinci. Yaron da ya sha zaman layi tun asuba, ga zafi ga hayaniya, ba zai nuna halinsa na gida ba cikin minti 10. A tafi da wanda ya fi zama da shi, ko da kaka ce ko 'yar aiki. In yakan ƙame, ko ya zuba ido ya tafi na ɗan lokaci ba ya jin kira, ku faɗa, don farfaɗiya ta fi yawa a yara masu otizim, kuma ita tana da magani.

Sun ba mu rana mai nisa, garinmu kuma babu mai koyar da magana. Shi ke nan sai mu zauna?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Ƙwararrun koyar da magana kaɗan ne ƙwarai a Najeriya, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Wanda ke ƙauye ko ƙaramin gari, in ya ce sai ya sami ƙwararre zai fara, zai daɗe bai fara ba. Ko wanda ya samu, awa 1 ce a mako. Sauran awannin duk a hannun mutanen gida yaron yake.

An gwada wannan a kimiyyance. A Ingila an yi wani bincike mai suna PACT da yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4. Ƙwararrun ba yaran suka koyar ba, iyayen suka koyar: a ɗauki bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, a zauna da ita a kalla tare, ta ga inda yaron ya yi yunƙurin sadarwa ita ba ta lura ba, sannan ta riƙa gwadawa a gida kamar rabin awa kullum. Da aka sake duba yaran bayan kusan shekara 6, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna alamomin sun yi sauƙi a kansu fiye da waɗanda ba a yi wa ba, kuma sun fi fara hulɗa da iyayensu. Ba a ga bambanci a gwajin iya harshe ba, kuma ba wanda ya ce an warke, amma canjin ya ɗore. Daga nan aka kai tsarin Goa a Indiya da Rawalpindi a Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne suka koyar da iyaye, kuma hulɗar uwa da yaro ta inganta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin tasowa, kuma ba ta shardanta sai an tabbatar da sunan larurar ba. Abin da za ku yi a gida ba ya cutar da yaron da daga baya aka ga ba shi da otizim. Don haka ku riƙe ranar asibitin, ku kuma fara aiki.

A aikace, me zan riƙa yi da shi?

Ki shimfiɗa tabarma, ki kashe rediyo da talabijin, ki zauna ƙasa fuskarki daidai tasa. Kada ki zo da naki wasan. In murafen kwalba yake jerawa, ki ɗauko naki murfin ki jera kusa da nasa. In ya buga cokali a kwano, ki buga. In ya ce "ba-ba-ba", ki ce "ba-ba-ba". Da farko zai yi kamar ba ki wurin. Wata rana zai tsaya ya dubi hannunki, yana jiran ya ga ko za ki sake. Wannan tsayawar ita ake nema.

Sai ki koyi dakatawa, wanda shi ya fi wuya. Ki yi masa cakulkuli sau biyu har ya ƙyalƙyale, sannan ki ɗaga hannuwanki ki tsaya, ki ƙirga goma a zuci. In ya dube ki, ko ya ja hannunki, ko ya yi wani sauti, nan take ki ce "ƙara!" ki ci gaba. Haka a lilo, haka a wasan ɓuya da mayafi, haka da kumfar sabulu. Da safe kada ki zube masa ƙosai gaba ɗaya. Ki ba shi ɗaya, ki riƙe na biyu kusa da fuskarki, ki jira. Ya miƙa hannu, ki ce "ƙosai" ki ba shi. Ki sa abin da yake so a roba mai murfi da ba zai iya buɗewa ba, ya kawo miki, ki ce "buɗe". Ba horo da yunwa ake nufi ba, kuma kada a ja har ya fashe da kuka. Ɗan jira ne da ke ba shi dalilin neman ki.

Ki rage tsawon maganarki. In ba ya furta komai, kalma ɗaya ta isa: "ruwa", "zauna", "takalmi". In yana kalma ɗaya, ke ki yi biyu. Ki riƙa faɗin sunan abin da yake kallo a lokacin da yake kallonsa. A daina "ce Mama, ce Mama", a daina tsare shi da "mene ne wannan?" gaban baƙi, kuma kada a riƙe masa haɓa don ya kalli mutum dole, don wasunsu kallon ido na takura musu sosai. Minti 10 sau uku ko huɗu a yini, cikin wanka da cin abinci da sa kaya, ya fi zaman awa guda da ke ƙarewa da kuka.

Gidan yawa a nan alheri ne. Yayye, kaka, abokiyar zama, duk za su iya, kuma yara sun fi manya haƙurin maimaita wasa ɗaya sau ashirin. Ku dai daidaita baki: in "ƙara" aka zaɓa, kowa ya ce "ƙara". Malam maigida ma da nasa rabon, ko da minti 10 ne bayan Magariba.

An ce mu yi amfani da hotuna da alamar hannu. Ba za su sa ya ƙi magana ba?

Ba sa hanawa, bincike ya nuna haka, kuma ga wasu yaran ma suna jawo maganar. Akwai tsarin musayar hoto mai suna PECS da aka ƙirƙiro a Amurka a 1985: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi abin, ana faɗin sunansa. Ba sai kun sayi komai ba. Ku ɗauki hoton kofinsa, da kunu, da bayan gida, da ƙofar fita, ku wanke su, ko ku yanko takardar biskit ɗin da yake so ku liƙa a kwali. Ku fara da biyu. Yaron da ya sami hanyar cewa "ina son ruwa" ya rage dalili ɗaya na birgima.

Yana magana, amma maimaita abin da aka faɗa kawai yake yi, ko tallan rediyo.

Kada ku hana shi. In kin ce "kana son shayi?" ya ce "kana son shayi?", sau da yawa "e" yake nufi. Ki ba shi jimlar yadda shi zai faɗe ta: ki riƙe kofin ki ce "ina son shayi". Ki kuma lura da lokacin da yake jawo wata jimla da ya haddace, domin takan zo da ma'ana. Yaron da ke cewa "sai da safe" da rana tsaka wataƙila so yake baƙon ya tafi.

Wata malama ta ce mu daina masa Hausa, mu koma Turanci zalla.

Ba daidai ba ne. Harshe biyu ba ya jawo otizim, ba ya kuma ƙara shi. Ku yi masa harshen da kuka fi sakewa a ciki, wanda kakarsa da yaran unguwa ke yi. In aka cire masa Hausa an raba shi da mutanen da zai koyi cuɗanya a wurinsu.

Waya ce ta jawo masa?

Ba a tabbatar waya na haddasa otizim ba, amma tana cinye lokacin da ya kamata ya yi da mutane. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. A rage a hankali, a cike gurbin da wasa.

Dangi sun ce iska ce, wasu sun ce ɗan ruwa ne. Mu bar addu'a mu kama asibiti?

Ba wanda ya ce ku bar addu'a. Ku yi masa tofi, ku roƙa masa lafiya, ku kuma kai shi asibiti, don neman magani ba ya karo da tawakkali. Inda za ku ja layi shi ne duk abin da zai taɓa lafiyarsa: duka da sunan fitar da aljani, ɗauri, turare a rufaffen ɗaki, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da tara mutane a kansa ana ihu. Yaron da ƙara ke firgitawa, in aka yi masa haka zai yi ta fizge-fizge, sai a ce ga shi aljanin ya motsa, alhali tsoro ne.

Haka batun wanzami. Cire beli ko yanke jijiyar ƙarƙashin harshe ba ya buɗe bakin mai otizim, don matsalar ba a harshe take ba, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta. Maganar ɗan ruwa kuwa ta jawo an wulaƙanta yara da yawa, har an yar da wasu. Ɗanku ne, ba a musanya muku shi ba, kuma duk wanda ya ba da shawarar a kai shi bakin kogi kada a sake barinsa kusa da yaron.

Allurar rigakafi ce? Ko wani abu na yi lokacin da nake da cikinsa?

Zargin rigakafi ya samo asali ne daga wani rahoto na 1998 a Ingila kan yara 12, wanda ya ɗora laifi a kan allurar da ta haɗa da ta ƙyanda. An gano an yi maguɗi a ciki, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagoranci binciken a shekarar. A Denmark an bi yara sama da 650,000, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wata alaƙa ba. Ƙyanda kuwa mun san abin da take yi wa ido da kunne da rai. A ci gaba da rigakafi, shi da ƙannensa.

Babban kaso na otizim gado ne, daga ɓangaren uwa da na uba duka. Haihuwar bakwaini, yawan shekarun iyaye, da shan wani maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin ciki suna ƙara yiwuwarsa. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba sangarta ba ce, ba kuma don kin fita aiki ba ne. Duk gidan da ake ɗora wa uwa laifi, yaron ne ke asara, don ita ce ke ɗauke da mafi yawan aikin.

Yaya za mu gane cibiyar kirki, kuma akwai magani?

Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da otizim. Likita kan rubuta magani irin su risperidone in akwai tsananin fushi ko cutar da kai, da sa ido a kan illolinsa, amma ba ya koya wa yaro magana, kuma ba abin saye a kemis da ka ba ne. Masu tallan ƙarin abinci mai tsada, wankin jini, ko dashen ƙwayoyin halitta a ƙasar waje da alkawarin warkewa, ku riƙe kuɗinku. Cire alkama da madara ma babu ƙwaƙƙwarar hujja a kansa, kuma yaron da dama abinci uku kawai yake ci zai iya ramewa.

In kun je cibiya, ku tambaya ko mai koyarwar na da rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa masu koyar da magana da masu gwajin ji rajista a Najeriya. Ku nemi a bar ku ku shiga ku gani. Wurin da ake karɓar yaro a rufe ƙofa a ce ku dawo bayan awa ɗaya, ba a koya muku komai, bai cika aikinsa ba. Mai aikin kirki zai tambaye ku me kuka fi so yaron ya iya, ya rubuta buri ƙanana da za a iya aunawa cikin wata 3, ya kuma ba ku aikin gida. In daga nesa kuke, ku nemi a riƙa ganinku sau ɗaya a wata, kuna tura bidiyo ta WhatsApp a tsakani. Sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Jos suna yaye malamai, kuma ta nan akan sami wanda zai riƙa zuwa gida. Ranar 2 ga Afrilu, ranar otizim ta duniya, asibitoci da ƙungiyoyi kan yi taro, kuma nan ne wuri mafi sauƙi na haɗuwa da wasu iyayen, waɗanda galibi sun fi kowa sanin wane likita ke zama wace rana.

In ya fara bori ba ya jin rarrashi. Duka ma bai yi ba.

Ba zai yi ba. Yawancin wannan borin ba taurin kai ba ne, abu ne ya fi ƙarfinsa kuma ba shi da bakin faɗa. Ki riƙa lura da abin da ya faru dab da farawarsa: injin markaɗe, janareto, lasifikar gidan biki, sabuwar riga mai ƙaiƙayi, ko an canza hanyar da aka saba bi. Ki duba ciwo ma, haƙori, kunne, ko bushewar bayan gida. In ya fara, a rage magana, a janye mutane, a kai shi inda ba hayaniya. Kafin a fita ko a daina wasa a sanar da shi, da hoto ko kalma ɗaya. Da yawansu kan sulale su fita ba tsoron titi, kuma ruwa na jan su, don haka a rufe rijiya da murfi mai nauyi, a sa sakata sama, maƙwabta su san halinsa, a kuma ɗinka lambar waya a cikin rigarsa.

Makaranta fa, da Islamiyya?

Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓi kowa. A aikace sai kun bi da ƙafa. Ƙaramin aji da malama mai haƙuri ya fi ginin bene mai tsada. Ku zauna da ita tun kafin a fara, ku faɗa mata abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Yaron da ke ji kada a tura shi makarantar kurame don kawai ba ya magana. A Islamiyya ku roƙi malam ya ɗauke masa bulala, ya zaunar da shi gefe inda ƙarar karatu ba ta yi yawa ba. Wasunsu na da kaifin hadda, abin farin ciki ne, sai dai hadda ba ta nufin ya iya faɗin yana jin yunwa. Tura irin wannan yaro almajiranci wani gari kuwa, bai kamata a ko fara tunaninsa ba: wanda ba zai iya ba da labarin abin da aka yi masa ba, ba a raba shi da gida.

Zai yi magana kuwa?

Ba mai iya yi muku alkawari yana ɗan shekara 2 ko 3. Da yawa suna yi, wasu har bayan shekara 5. Wasu sukan yi karatu mai zurfi su yi aiki su yi aure, wasu kuma za su buƙaci kulawa tsawon rayuwa, suna sadarwa da hoto ko alama. Abubuwan da ke ba da ƙwarin gwiwa su ne kwaikwayo, nuni, da fahimtar abin da aka ce, shi ya sa ake farawa da su.

Ina da ciki yanzu. Ƙaninsa ma zai iya samu?

Yiwuwar ta fi ta sauran gidaje. Binciken da aka bi ƙannen yara masu otizim ya nuna kusan 1 cikin 5 kan samu, wato 4 cikin 5 ba sa samu. Ki ci gaba da awo, ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha, kada kuma ki daina maganin farfaɗiya da kanki ba da saninsa ba. In an haihu, ki sa ido kan murmushi, gwaranci, amsa kira da nuni, ki nemi likitan yara ya duba shi musamman a wata 18 da wata 24, ko da ba ki ga komai ba.